Yadda ake ɗinka ƙananan tutoci, daga sayen yadi zuwa sa sanda

Da zarar Satumba ta raba tsakiya, tambayoyi iri ɗaya ne ke ta zuwa mini daga malaman firamare, da masu kula da Islamiyyu, da matasan teloli da suka ga ana cinikin tuta a bakin titi suna son su taɓa. Yadi nawa zan saya? Inci nawa zan yanka? Me ya sa tawa take fitowa a karkace? Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta amsar gaba ɗaya. Zan yi misali da 'yar tutar Najeriya ta riƙewa a hannu, irin wadda yara ke kaɗawa ranar 1 ga Oktoba da ranar yara ta 27 ga Mayu, don wanda ya iya ta ya iya sauran.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu: ba a ɗinka ƙaramar tuta ɗaya bayan ɗaya. Dogayen fallaye ake haɗawa, sannan a rarraba. Duk wanda ya zauna yana yanka 'yan guntaye uku-uku yana haɗawa, zai kwana a kan keke, kuma da wuya ya sami biyu da suka zo daidai da juna.

1. Tsayar da girma kafin ka je kasuwa

Tutar Najeriya tsawonta ninki biyu ne na faɗinta, kuma an raba ta gida uku daidai wa daida, a tsaye: kore, fari, kore. Ta hannu da ta fi dacewa da ɗan firamare ita ce inci 6 a tsaye, inci 12 a kwance, wato kowane gida inci 4 ke nan. Ta kan teburin ofis takan yi inci 4 da inci 8. Duk lissafin da zai biyo baya a kan mai 6 da 12 ne.

Gargaɗi: kada ka sa komai a tsakiyar farin. Zanen farko da Michael Taiwo Akinkunmi ya gabatar a 1959 yana da jar rana a tsakiya, amma an cire ta kafin a ɗaga tutar ranar 1 ga Oktoba 1960. Wadda ake liƙa wa tambarin mikiya da dawaki a kan farin, kamar yadda wasu masu talla ke yi, ba ita ce tutar da ya kamata a miƙa wa yara a makaranta ba. Haka kuma kada ka kwantar da launukan, kada farin ya fi koren faɗi.

2. Sayen yadi, da gwajin da ba a tsallakewa

A nan yawancin aikin ke lalacewa, tun ba a taɓa almakashi ba. Ko Kasuwar Barci ka shiga a Tudun Wada ta Kaduna, ko babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ka nemi yadin foliyesta mara nauyi, mai faɗin inci 60. Shi ne yake tashi da 'yar iska kaɗan, yake bushewa da wuri, kuma ba ya yamutsewa sosai. Na auduga ya fi daɗin ɗinki, amma in ya sha ruwa sai ya yi nauyi ya manne wa sanda. Yadin shafi mai sheƙi ya fi kowanne arha, sai dai yana zamewa a ƙarƙashin allura, bakinsa kuma yana zarewa tun kana yanka. In kai sabon hannu ne, ka bar shi. Araha ba ta ado.

Ka tambayi faɗin yadin, kuma ka auna da tef ɗinka a gaban mai shago. Akwai mai inci 45, kuma lissafinsa daban ne.

Sai launi. Koren da ake so cikakken kore ne, ba tsanwa ba, ba kuma mai duhun kakin soja ba. Fitilar cikin rumfa tana ruɗar ido, don haka ka roƙi mai shago ka fito da bakin yadin hasken rana ka duba. Kuma ka sayi dukkan koren da kake bukata daga bandir ɗaya. In ya yanke maka ka koma bayan kwana biyu, za ka iya samun wanda ya ɗan sha bamban, kuma bambancin sai ya fito fili ranar da yara suka jeru a layi.

Gwajin kuwa ga shi. Kafin ka biya kuɗin duka, ka karɓi ɗan guntun koren, ka jiƙa shi da ruwa, ka naɗe shi cikin farin ƙyalle, ka matse da ƙarfi, ka bar shi kamar minti goma. In farin ya ɗauki launi, yadin yana zuba, kada ka saya ko an rage maka. Ka tuna 1 ga Oktoba damina ba ta gama tafiya ba a Kaduna. Yayyafi ɗaya ya isa ya mayar da tsakiyar tutar ruwan ganye, ya ɓata wa yaro farar rigar makaranta, kuma sunanka za a kira.

Yawan yadi na tuta 100, in mai faɗin inci 60 ne: kore yadi 4, fari yadi 2. In mai inci 45 ne: kore yadi 5, fari yadi 2 da rabi. A ciki har da ɗan rarar da za ta rufe kuskure.

3. Kayan aiki

Keken ɗinki kowane iri, ko na takawa ne ya wadatar. Almakashi mai kaifi, tef, alli, doguwar rula ko miƙaƙƙen katako, dutsen guga, zare kore da fari, siririyar allura sabuwa. Tsohuwar allura mai dakushi tana jan zaren foliyesta ta tattare shi. Sai ɗan kwali mai kauri da za ka yanka ma'auni da shi, don kada ka yi ta ɗaga tef kana saukewa.

4. Yanka fallaye

Goge yadin tukuna, da wuta kaɗan, don foliyesta ba ya son zafi. Shimfiɗa shi a kan tebur, ka daidaita bakinsa, sannan ka yanka fallaye daga gefe zuwa gefe, wato kowane falle tsawonsa inci 60. Iri uku ne, kuma faɗinsu ba ɗaya ba ne:

Fari: inci 4 da rabi.
Koren wutsiya, wanda zai riƙa kaɗawa: inci 4 da kwata uku.
Koren wajen sanda: inci 5 da kwata.

Dalilin bambancin shi ne kowanne da abin da ɗinki zai ci a jikinsa. Farin zai ba da kwata-kwata a gefe biyu. Koren wutsiya zai ba da kwata wajen haɗi da rabin inci na kalmasa. Na wajen sanda zai ba da kwata wajen haɗi da inci guda na gidan sanda. In an gama, kowanne zai dawo inci 4 cif. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yanka duka ukun faɗi ɗaya, sai a ƙare da tuta mai ƙaton fari da tsukakken kore.

Fallen nan uku su ne jeri ɗaya, kuma jeri ɗaya yana ba da tuta 8. Tuta 100 jeri 13 ke nan, da rarar huɗu. Koraye biyun suna kama da juna a ido, don haka ka sa wa na wajen sanda alama da alli, ka ajiye su daban.

5. Haɗa jeri

Ɗora farin a kan koren, fuska da fuska, ka bi da ɗinki kwata inci daga baki, tun daga farko har ƙarshe. Ka yi haka da ɗaya koren. Kada ka ja yadin da hannu, ka bar keke ya ci da kansa. In kana jan na sama, kafin ka kai ƙarshen inci 60 za ka tarar ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma duk tutar da ta fito daga jerin nan a murɗe za ta fito.

Buɗe jerin ka goge, ka kwantar da bakin haɗin wajen koren, ba wajen farin ba. In ya kwanta a bayan fari, inuwar kore za ta riƙa lekowa duk sanda rana ta haska. Sannan ka bi ta kansa da koren zare ka danne shi.

Tun jerin yana dogonsa, ka kalmashe bakin wutsiya: ninka kwata inci, ka sake ninkawa kwata, ka ɗinke. Layi ɗaya ka yi, tuta takwas sun samu. Ɗaya gefen kuwa, na sanda, guga kawai za ka yi masa: ninka kwata inci ka goge, ka sake ninka kwata uku ka goge, don shaidar ta zauna. Kada ka ɗinke shi yanzu. Zan faɗi dalili a mataki na 7.

6. Rarrabawa da kalmasa

Yanke bakin yadin na kamfani, sannan da kwalinka ka sa alama kowane inci 7, ka ja layi da rula, ka yanka. Ka tabbata layin ya tsaya sak a kan layin haɗi. In ya ɗan jirkice, tutar za ta yi kamar an ja mata kunne ɗaya.

Inci 7 ɗin nan, shida na tuta ne, ɗaya na kalmasar sama da ƙasa, rabi-rabi. Ka warware ninkin da ka goge na wajen sanda, ka kalmashe saman da ƙasan daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ka riƙa cusa su a keke ɗaya na bin ɗaya ba tare da yanke zare ba, sai ka gama ka bi da almakashi ka raba.

Kalmasar nan tana ratsa kore da fari, to wane zare? A tutar yara, ka sa fari ka wuce, don farin zare a kan kore ya fi kyan gani a kan koren zare a kan fari. A tutar teburin ofis kuwa, wadda ido zai zauna a kanta kullum, ka daure ka canza zare.

Masu gaggawa sukan tsallake kalmasa su yanka da ƙarfe mai zafi, irin na masu gyaran rediyo, a kan gilashi. Zafin yana narka bakin ya liƙe shi. Yana yi, amma a foliyesta kaɗai, auduga ƙonewa take yi. A yi shi a waje saboda hayaƙin, kuma kada a bar yara kusa. Ni dai na fi son kalmasa, don bakin da aka ƙona yana da kaushi, yakan karci fuska.

7. Gidan sanda

Yanzu ka mayar da ninkin nan bisa shaidar guga, ka ɗinke shi daga ƙasa zuwa sama, kusa da bakin ninkin. In ka kai sama, ka juya tutar ka toshe kan gidan, ka koma da baya sau biyu. Ƙasan a buɗe zai zauna.

Abin da ya sa aka bar shi ƙarshe: in ka ɗinke gidan tun jeri yana dogo, kalmasar sama da ƙasa za ta bi ta kansa ta rufe bakin biyu, sai ka dawo kana farkewa da reza. Kuma kafin ka yi guda ɗari, ka yi ɗaya ka zura sandar da za ka yi amfani da ita. Ana so ta shiga da ɗan matsi. In tana lilo, ka matso da ɗinkin ciki kaɗan.

8. Sanda

Tsawonta inci 14: shida a cikin gida, takwas na riƙo. Gora da aka tsaga aka fere ita ce ta fi ƙarko, sai sandar roba irin ta balan-balan, wadda ba ta da nauyi amma tana lanƙwasa in iska ta yi ƙarfi. Karan dawa karyewa yake yi kafin a gama fareti. In da yawa kake so kuma masu santsi, kafintocin kasuwar Panteka za su iya tsaga maka katako siri-siri.

Wannan gargaɗin ya fi duk sauran muhimmanci a wurina. Mutane da yawa suna sa tsinken tsire saboda arha da sauƙin samu. Tsinken tsire an fere shi ne don ya huda nama. Ka duba yadda 'yan aji ɗaya suke in an ba su tuta: minti biyar suna kaɗawa, daga nan an koma wasan takobi, wani na gudu da ita a baki, wani na tsokanar na gabansa a ƙeya. In dole sai shi, ka datse tsinin gaba ɗaya, ka goge kan da samfefa har ya yi mulmul. Gorar ma ka goge ta, ka shafa ta a bayan hannunka, in ta kama fata to za ta soki yaro da sartse.

Ka ɗiga ɗan gam a sandar daidai inda bakin gidan zai tsaya, ka zura, ka matse. Ɗigo ɗaya ya isa. In ya yi yawa yakan ɓullo ta yadin ya bar tabo.

Ta Keke Napep ko ta mota daban ce. Iskar gudu tana cin wutsiya cikin 'yan kwanaki, don haka a ninka ɗinkin wutsiya sau biyu, a sa sandar ƙarfe ko roba mai kauri, a ɗaure inda ba za ta tare wa direba madubi ba.

9. In tutar mai rubutu ce

Tutar makaranta, ko ta ƙungiya, ko ta zagayen Maulidi, yawanci launi ɗaya ce da suna a jiki. A kai wa masu buga rubutu tun yadin yana falle, kafin kalmasa da sanda. Ka sa su buga ɗaya tak ka karanta da idonka harafi-harafi kafin su ci gaba. In da Larabci, ka kai wa malami ya duba, domin kwamfutar da ba a saita ta ba takan rarraba haruffan ko ta jera su daga hagu, mai bugawa kuma in bai iya karatun ba ba zai lura ba. Ka sani kuma a falle ɗaya rubutun a juye zai fito ta baya. In ana son a karanta ta fuska biyu, sai an haɗa falle biyu, kuɗin yadi ya ninka.

Ina roƙon malamai da masu shirya taro: kada a sa aya, ko sunan Allah, ko kalmar shahada a tutar da za a raba wa yara a hannu. Duk wanda ya bi titi bayan an watse daga zagaye ya san inda ƙananan tutoci ke ƙarewa, a ƙasa, a bakin kwata, ana takawa. A sa sunan makaranta da unguwa ya wadatar. Mai ɗauke da kalmomi masu tsarki a yi ta babba, a ba babba ya riƙe, a naɗe ta a mayar da ita makaranta.

10. Jeren masu kusurwa uku

Waɗannan su ne ake ratayawa a harabar makaranta ranar sauka, ko a ƙofar sabon shago. Sun fi sauƙi. Yanka falle mai faɗin inci 9. A bakin sama ka sa alama kowane inci 7. A bakin ƙasa ka fara daga inci 3 da rabi, sannan kowane inci 7. Haɗa alamomin da rula, ka yanka, ɗaya kai sama ɗaya kai ƙasa, babu abin da zai tafi a banza sai gefe biyu. Falle ɗaya zai ba ka 15, yadi ɗaya 60. In ka bar tazarar inci 3 a tsakaninsu, sittin ɗin za su rufe kusan yadi 17 na igiya.

Ka kai wa mai wibin, wato keken da ke ɗaure bakin yadi kada ya zare, ya bi gefunan, sannan ka naɗe kan kowace a igiyar nailan ka ɗinke har da igiyar, in ba haka ba iska za ta tattara su wuri ɗaya. Ka bar yadi guda na igiya a kowane ƙarshe don ɗauri. Kada a ɗaura a jikin falwayar wuta ko a tsallaka waya, kuma in za ta ratsa layi, a ɗaga ta yadda motar ruwa za ta wuce.

11. Lissafi da karɓar aiki

Farashi yana motsi, don haka ka sa na ranar da ka shiga kasuwa a gurbin waɗannan lambobin, misali ne kawai. A ce yadi naira 1,500, shida 9,000 ke nan. A ce sanda naira 30, ɗari 3,000. Zare da gam da allura 1,500, kuɗin mota 1,000. Jimla 14,500, wato kowace tuta ta ci naira 145 kafin ladan hannunka. A kan wannan za ka ɗora aikinka, da man janareto in ka tayar, da ribar da mai talla zai samu in sari zai ɗauka. Sababbi sukan manta da sanda da kuɗin mota, sai sun gama rabon kaya su ga uwar kuɗi ma ba ta dawo ba.

Kada ka yanka yadi sai ka karɓi kafin alƙalami da ya rufe kuɗin kaya, musamman a aiki mai rubutu da aikin 'yan siyasa lokacin kamfe. Tutar da aka buga wa sunan wani ba ta sayuwa ga kowa. Ka tambayi ranar da za a yi amfani da ita, ba ranar bikin ba, don 1 ga Oktoba hutu ce, makarantu da yawa kan yi nasu kafin ranar.

Sannan ka san abin da kake ɗinkawa. A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an ga masu zanga-zanga a Kano da Kaduna ɗauke da tuta mai fari da shuɗi da ja a kwance, wato tutar Rasha, kuma jami'an tsaro sun kama har da telolin da ake zargi da ɗinka ta. In baƙo ya kawo maka launuka ya ce ka jera masa guda ɗari biyu cikin dare, ka tambaye shi ta mece ce, ta wace ƙungiya ce, ina za a kai ta. Ka duba a wayarka. In amsar ba ta kwanta maka ba, ka mayar masa da kuɗinsa.

12. Miƙawa da ajiye ragowa

Ka duba su ɗaya-ɗaya, ka yanke zaren da ke reto, ka girgiza kowace da ƙarfi ka ga ko za ta fice daga sanda. Wadda ta yi tabo ko ta karkace, ka ware ta, kada ka cusa a tsakiya. Akwai dokar tuta da tambarin ƙasa da ta hana ɗaga tutar Najeriya da ta lalace ko aka ɓata ta. Ka ɗaure su dozin-dozin ta wajen sanda, ka sa a leda saboda ƙura da ruwa.

Abin da ya rage bai ɓaci ba, ga 27 ga Mayu da 12 ga Yuni, ga ranakun da Super Eagles ke wasa. Ka zare sandunan ka ɗaure su daban, don gora tana yin fumfuna ta ɓata farin. Tutocin ka shimfiɗa su a kwance cikin akwati, inda rana da danshi ba sa kai wa, ka rubuta adadinsu a jikin murfin.